Gemun ɗan'uwanka ya kama wuta: naka za ka jiƙa ko nasa?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, kuma don Allah kada a mai da ita wasa tun daga farko kamar yadda aka saba. Juma'ar da ta wuce limaminmu ya taɓo karin maganar nan, "in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa." Ya ce bai taɓa jin maganar da ta koya wa Bahaushe son kai irinta ba. Mutum na ci da wuta a gabanka, kai kuma kana laluben buta don kanka. Ana idarwa muka koma majalisa, sai ga takardar karo-karo ta wani yaro ɗan acaɓa da aka ƙwace wa babur, kuma babur ɗin bashi ne, bai gama biya ba. Ubangidana Alhaji ya zaro abin da ya zaro, ba laifi. Amma sai ya ƙara da cewa shi tun ran da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida na Legas, 1 ga Yunin 2022, ya sayar da baburansa biyu, ya jiƙa gemunsa, wanda bai jiƙa nasa ba ya kuka da kansa. Ashe yayan yaron na zaune a wurin. Da ƙyar aka raba su. To wa ya fahimci maganar nan, liman ko Alhaji?

Mai Tattasai Mile 12:
Wa alaikumus salam. Alhaji ya fahimce ta, wurin faɗa ne bai iya ba. Ina a cikin maganar aka ce ka bar shi ya ƙone? Gargaɗi ne. Ƙanwarta ita ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ba wanda ya taɓa cewa mutanen Awe mugaye ne don sun ji labarin Doma sun gyara ƙofar gari.

Almajirin Idi-Araba:
Malam Mai Tattasai, ka kawo wata ka rufe wata da ita. Ta Doma labari take ba ka. Wannan kuwa umarni ce, kuma ruwan a hannunka yake. Ruwa ɗaya, gemu biyu, ɗaya na ci, ɗaya lafiyarsa ƙalau, aka ce ka zuba a kan mai lafiyar. Ni dai ina bayan liman. Hadisin jirgin ruwa fa? Na ƙasa suka ce bari mu huda ɓangarenmu mu ɗebi ruwa kada mu dami na sama. In na sama suka ce ba ruwanmu, namu ɓangaren a bushe yake, duka za a nutse. Legas ɗin nan jirgi ɗaya ce.

Hajiyar Obalende:
Mu da Allah bai ba gemu ba, me za mu shafa wa ruwan? Ko mu zauna mu yi kallo?

Sarkin Zolaya:
Hajiya ke za ki sayar da ruwan. A garin nan ko buta za ka cika sai ka tsai da mai kura ka biya kuɗin jarka. Wanda ya yi karin maganar nan a bakin rijiya yake zaune, bai san Legas ba.

Ɗan Agege:
Ka gani ko. Tun ba a je ko'ina ba.

Jikar Inna:
Ku ba ni wuri, don maganar nan a gidanmu ba karin magana ba ce, tarihi ce. Kakata ta wajen uba, Inna, Allah ya jiƙanta, a wani ƙauye na ƙasar Bichi aka kai ta amarya, ta tarar da uwargida mai 'ya'ya uku. Ɗakuna duk na jinka ne, kusa da kusa, in kaza ta yi tsalle daga wannan sai ta sauka a kan wancan. Ƙarshen hunturu, iska na kaɗawa, uwargida ta bar kaskon garwashi a ɗaki ta fita. Maza duk sun tafi cin rani, ba kowa a gidan sai mata da yara da tsohuwa, surukarsu. Inna ta dawo daga rijiya ke nan da tulu a ka, rijiyar kuma ba kusa ba, sai ta ga hayaƙi na fita ta saman ɗakin uwargida. Tulu ɗaya. Uwargida na ihu "Kawo nan! Kawo nan!" Tsohuwa na ihu "Jiƙa naki, 'yar nan, wancan ya riga ya tafi!"

Sarkin Zolaya:
Na rantse na san inda tulun nan ya nufa.

Jikar Inna:
Yi shiru mana Yaya. E, nata ta jiƙa. Ta taka turmi ta sheƙa shi a kan jinkarta, ɓangaren da ke kallon wutar. Ɗakin uwargida ya ƙone ƙurmus, da tasoshinta na jere da zannuwan aurenta. Wutar ta lashi gefen ɗakin Inna ta tsaya. Bayan ɗakin Inna kuwa rumbuna ne guda biyu, gero da dawa na shekara. Da ta bi ta kansa, gidan nan sai bara.

To ga inda abin yake. Ciyawar yanta ta ƙare a lokacin, sai an jira kaka. Maigida ya dawo ya ce ba wani ɗaki, uwargida da 'ya'yanta uku su koma ɗakin amarya. Wata tara suna ciki. Inna ta ce gadonta ma uwargida ta bar wa, don kunya, ita ta koma tabarma a bakin ƙofa, yaran na yi mata fitsari a zane. Kuma duk wata taran nan uwargida ba ta ce mata ci kanki ba. Sai dai in za ta sha ruwa ta ce wa babbar 'yarta, "Tambayi mai tulu ko za a sam mana." Sunan ya bi ta. Har ta tsufa, har Babanmu ya ɗauko ta ya kawo ta Agege lokacin yana harkar goro, tsofaffin garinsu in sun zo Mai Tulu suke ce mata.

Almajirin Idi-Araba:
To ai ga hukuncin nan. Ta tsirar da ɗaki ta rasa zumunci.

Mai Tattasai Mile 12:
Ta tsirar da rumbu dai, Malam. Uwargidar da ke fushi, tuwon me ta ci wata tara? Kuma a ɗakin wa ta kwana? Da an bi naka, tulu ɗaya a kan wutar da ta riga ta kama jinka, sai a rasa ɗaki biyu da hatsi, a zauna a fili ana zumunci.

Jikar Inna:
Abin da zai ba ku haushi, ita kanta Inna ba ta tsaya a kan magana ɗaya ba. In tana yi wa yayyena maza faɗa a kan kuɗi, sai ta ce "Ni da na jiƙa nawa ai shi aka zo aka kwana a ciki." Ranar da aka aiko uwargida ta rasu kuwa, ina 'yar shekara goma sha biyu, na same ta a bayan ɗaki tana kuka, ta ce mini, "Da na sani na watsa mata ko rabi ne. Ba zai kashe ba, amma da ta gani." Na ce Inna ai kin ce rumbu kika tsare. Ta ce, "Wane rumbu? Wallahi ban tuna da rumbu ba sai washegari da mutane suka fara yabona. Akwatina na tuna."

Kuma har ta bar duniya, a gidan hayar nan namu mai ɗaki na kallon ɗaki, ba ta kwana sai da bokiti biyu cike a bakin ƙofa. In an tambaya ta ce ɗaya nata ne, ɗaya na Iya Bayerabiyar da ke ɗakin gaba. Iyar ba ta taɓa sanin tana da bokiti ba.

Hajiyar Obalende:
Allah sarki Inna. Allah ya kai haske kabarinta. Amma ni surukar nan nake zargi, da ma can ba ta son uwargidan.

Malamin Firamare:
Labarin nan ya tono abin da malaman falsafa suka daɗe suna gardama a kai: aiki da niyyarsa ake auna shi ko da abin da ya haifar? Inna ta yi niyyar akwati, Allah ya tsare rumbu. Mu dai an karantar da mu ayyuka na tare da niyya. Akwai ma Baturen da ya zauna ya tattara siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe a 1974, Kirk-Greene, ya kawo su gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya da sauransu. Ku lura hankali na ciki, karamci ma na ciki. Karin maganar nan ta hankali ce, liman kuma karamci yake nema.

Sarkin Zolaya:
Malam ya shigo da allo. Ni dai na san waɗanda suka fi kowa aiki da ita. Da an kama wani babba a kan kuɗin jama'a, kafin sati ka ji maƙwabcinsa ya sauya sheƙa ya koma jam'iyya mai mulki. Wannan ba shafa ruwa ba ne, nutso ne a kogi.

Direban Tirela Apapa:
Wani namu ma ba ya jiran wuta. Da ya ji ƙauri sai ya aske gemun gaba ɗaya ya hau jirgi, wai ganin likita. In zaɓe ya matso ya dawo da sabon gemu da katan ɗin taliya.

Hajiyar Obalende:
Da atamfa mai zuba a wankin farko. Ina da ita har yanzu, ina goge murhu.

Direban Tirela Apapa:
Mu kuwa tun Mayun 2023 da aka cire tallafi, ko fetur ɗin da za a ƙona mana gemun ya fi ƙarfinmu.

Ɗan Agege:
Jama'a a dawo kan yaron nan mai babur don Allah.

Mai Tattasai Mile 12:
Bari in ba ku wadda ta fi ta babur ɗaure kai. Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, aka tsai da motocin abinci da shanu daga Arewa na 'yan kwanaki. An ce don 'yan'uwa aka yi, a nuna gemunsu ba na banza ba ne. To mu da ke Mile 12 muka wayi gari ba kaya, masu saye na hararar mu kamar mu muka tare hanya. Can gida kuma tumatir ya yi kwantai a hannun manoma, yana ruɓewa. An ɗebo ruwa don kashe wutar wani, aka jiƙa wanda bai ji ba bai gani ba har ya kama mura. Ni na ga Maris ɗin 2016 da idona, rigimar da ta faro daga ɗan acaɓa ta sa aka rufe kasuwar nan. Tun daga ranar, in na ji hayaniya a titi rumfata nake fara rufewa, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Almajirin Idi-Araba:
Ka rufe rumfa, ba wanda ya hana. Bayan ka rufe fa? Gida kake tafiya ko kana leƙa na kusa da kai? A rikicin unguwarmu na Fabrairun 2002, wanda ya ɓoye mahaifina a ɗakinsa kwana biyu ba Bahaushe ba ne, kuma da an gane, nasa gidan za a fara taɓawa. Shi wa ya koya masa tasa karin maganar?

Baba Tsohon Ikko:
Yara, kun cika gardama. Ni abin da ban ji wani ya tambaya ba, wa ya kunna wutar? Kowa na ta lissafin ruwa. An ba mutanen kasuwar Alaba Rago kwana 14 su tashi a 2022, muka yi ta jajantawa a majalisa, kowa ya koma ya duba takardar rumfarsa. Shi ke nan. Ba wanda ya ce mu je gaba ɗaya mu ji dalili. A da in abu ya taso, sarkin Hausawa zai tara dattawa a tafi a zauna da masu gari. Yanzu kowa da butarsa.

Sarkin Zolaya:
Baba ai dattawan ma yanzu layi suke bi a karɓi buta.

Baba Tsohon Ikko:
Kai ɗan nan, ubanka ma bai faɗa mini haka ba.

Malamin Firamare:
Ni fa a garinmu "in ka ga gemun maƙwabcinka" nake ji ana cewa. In maƙwabci ne, hukuncin ya sauya ko bai sauya ba?

Hajiyar Obalende:
Ya ƙara tsanani ma. Ɗan'uwa na Kano, maƙwabci kuwa bango ɗaya ne tsakaninku.

Ɗan Agege:
To ga sabon labari. Yanzu yayan yaron ya kira ni. Wai Alhaji ya aika masa da dare, ya ce yaron ya zo ya riƙa yi masa dakon kaya a shago kafin a ga abin da Allah zai yi. Amma ya ce a gaya masa maganarsa na nan, bai janye ba. Yayan kuma ya ce aikin za su karɓa, gaisuwa ce ba zai yi ba.

Jikar Inna:
Wata tara ke nan. Ku ce wa Alhaji ya tanadi tabarma.

Direban Tirela Apapa:
Mai Tattasai, tunda kana kusa, nawa kwandon tumatir yau? Uwargida ta aiko ni, kuma ni tulu ɗaya gare ni.

Mai Tattasai Mile 12:
Kira ni ta waya. In na faɗa a nan, liman zai samu huɗubar mako mai zuwa.