Shawarwarin direbobin Tawa kan auna shan man mota

A wata tattaunawa da direbobi da makanikai suka yi a Tawa, an fi daɗewa kan motocin da ake shigowa da su daga Amurka, waɗanda agogonsu ke ƙirga mil, alhali a Nijar da lita ake sayar da mai, da kilomita kuma ake auna hanya. Shawarar farko ita ce a ninka mil da 1.609 kafin a fara kowane lissafi.

Galan ma iri biyu ne, domin na Amurka lita 3.785 ne, na Ingila kuwa 4.546, don haka motar da aka ce tana yin mil 30 da galan ɗaya tana shan kusan lita 7.8 a kilomita 100 in Ba'amurke ne ya faɗa, ko 9.4 in Bature ɗan Ingila ne.

Dattawan direbobi sun fi yarda da gwaji, kuma a ganina sun yi gaskiya: a cika tanki, a tafi Yamai, a sake cikawa, sannan a raba litocin da kilomitocin, a ninka da 100.