Ƙaramar kyamara ta jakar hannu: wacce zan ɗauka, kuma za ta jure ƙurar Kano?

'Yar Gwammaja:

Assalamu alaikum. Don Allah masana hoto a taimaka min da shawara. Ina neman ƙaramar kyamara ta yau da kullum: suna, kamu, yara ranar Sallah, sai atamfa da leshi da nake ɗorawa a WhatsApp. Wayata da rana ba laifi, amma da magariba ta yi, hoton cikin ɗaki sai ya fito yashi-yashi, launin kaya ma ya canza. An nuna min guda biyu, duka na hannu: Panasonic Lumix TZ90 mai zum sau 30, da Canon G7 X Mark II wadda zum ɗinta sau huɗu ne da 'yan kai, amma ta fi tsada nesa ba kusa ba. Kowacce megafiksel 20 aka ce. To kuɗin me zan ƙara?

Ɗan Fagge:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kuɗin sensa za ki ƙara, wato farantin nan da haske ke sauka a kai a bayan gilashi. Na TZ90 kusan milimita 6.2 ne da 4.6. Na Canon ɗin 13.2 ne da 8.8, fili ya ninka sau huɗu ke nan. An raba kowanne gida miliyan 20, amma gidajen na Canon sun fi faɗi, sun fi kwasar haske, shi ya sa yashi-yashin da kike kuka da shi yake raguwa.

Sai idon gilashin. Canon tana buɗewa har f/1.8, TZ90 kuwa f/3.3 ta fara. Ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, kuma tsakanin waɗannan biyun hasken da ke shiga ya ninka sau uku da ɗoriya. Idan kika ja zum ɗin TZ90 ƙarshe, ƙofar ta tsuke zuwa f/6.4, a cikin falo da dare ba abin da za ta tsinana miki. Aikinta na rana ne a fili: kina nesa ranar Hawan Daushe kina son kamo adon doki da rawanin mahayi, nan kam ba ta da na biyu a kuɗinta. Amma abin da kika lissafa kusan duk na cikin gida ne, don haka Canon ɗin ce taki.

Aibinta guda, ba ta da ramin leƙawa, allo kawai gare ta, kuma ranar Kano tana dushe allo. Idan kin ci karo da Sony RX100 III, ta 2014, sensarsu girma ɗaya, ita ma f/1.8 ce, tana da ramin leƙawa da ke ɗagowa. Sai dai zum ɗinta a 70mm ya tsaya, na Canon ya kai 100mm.

A ɗaki ki sa Canon ɗin a Av, wato saitin da ke za ki zaɓi faɗin ƙofa, f/1.8 ko f/2, ki tsayar da iyakar ISO, wato ƙarfin jin haske na sensa, a 1600. Idan yara ne, ki lura kada shota, wato saurin ɗaukar hoto, ta sauka ƙasa da 1/125 na daƙiƙa, don ba sa tsayawa.

Mai Gyara:

Malam ya yi bayani daidai, amma tunda ta hannu ce, lafiyarta ta fi sunanta muhimmanci. Duk kyamarar da gilashinta ke fitowa ya koma, iska take zuƙa kamar zugazugi, kuma a hunturu iskar nan ƙura ce zalla. Irin waɗannan ba a cire musu gilashi a goge sensa, sai an warware kyamarar gaba ɗaya. Saboda haka kada kuɗi ya bar hannunki sai kin yi wannan a gaban mai kaya.

Ki kunna ki kashe sau goma, kunnenki na kusa. Lafiyayya sululu take fita. Idan kin ji ƙararrawar yashi, ko ta ɗan tsaya a hanya, ko murfin gaba bai rufe duka ba, haƙoran ciki sun fara cinyewa, kuma ƙarshenta ranar da za ta maƙale a waje ta rubuto matsalar gilashi. Daga nan ki sa ta a f/11, ki ja zum ƙarshe, ki ɗauki farar takarda kina ɗan motsa hannu. Ɗauki uku. Ɗigon da ya fito wuri ɗaya a duka ukun, ƙura ce a kan sensa. A f/1.8 ba za ki gan shi ba, shi ya sa da yawa ba sa ganowa sai sun kai gida.

Ki haska fitilar waya cikin gilashin ta gefe. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Amma idan kin ga abu kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce ta laima, ki ajiye musu abinsu. Ki duba kawunan ƙusoshi, idan sun goge an taɓa buɗe ta. Ki ɗaga allon sama ki sauke a hankali, in hoto ya yi walƙiya, siririyar wayar da ke bayansa ta kusa tsinkewa. Batirin, NB-13L, ki kwantar da shi a kan tebur ki juya shi da yatsa, in ya yi ta juyi kamar katantanwa, cikinsa ya kumbura.

Bayan kin saya, jaka mai zif, ba tsirara cikin jakar hannu tare da hoda da makullai ba. Kada a goge gilashi da bakin mayafi, ƙurarmu yashi ce, kartar shi take yi. A fara hura ta da 'yar robar hura iska, sannan ƙyalle mai laushi. Kuma kada ta yini a mota: iyakar zafin da aka rubuta mata digiri 40 ne, inuwar Afrilu ma tana kai haka.

Antin Hoton Biki:

Ƙanwata, a kan maganar kaya ina da ɗan ja. Kyamara ba za ta gyara miki launi ba muddin ƙarƙashin ƙwan ɗaki kike ɗauka. Ki shimfiɗa atamfar a inuwar tsakar gida da hantsi, ki kashe filasha, ki ɗauki farar takarda a wurin, ki shiga saitin farin launi ki ce wa kyamara wannan ne fari. Shi ke nan shuɗi ya tsaya a shuɗinsa, ruwan goro bai koma ja ba. Wurin turawa kuma, ta Wi-Fi za ki kwashe zuwa waya da manhajar Camera Connect, sannan ki aika a matsayin fayil, don WhatsApp yana matse hoto har zanen leshi ya caɓe.

Farar shadda ranar Sallah tana ruɗa kyamara, ta rage haske, fuska ta yi duhu. Ki kunna gano fuska, ki ƙara haske +2/3, ki tsayar da su a inuwa. Bidiyo kuwa ki zaɓi tsarin PAL, hoto 25 ko 50 a daƙiƙa, shota 1/50 ko 1/100, domin wutarmu mai bugu 50 ce, in ba haka ba za ki ga layuka na yawo a ƙarƙashin fitilun ɗakin taro.

Batirin Canon ɗin hoto 265 aka auna masa, ba ya kai kamu ƙarshe. Ki nemi na biyu tun yanzu.

'Yar Gwammaja:

Allah Ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Malam Mai Gyara, idan ɗigo ɗaya ne ko biyu na gani, in fasa?

Mai Gyara:

Ya danganta da inda yake, Hajiya. Ki sake gwadawa a f/4. Idan ya ɓace kuma can gefe yake, ki saya, amma a zaftare miki kuɗin buɗewa da gogewa. Idan yana tsakiya, ko har a f/4 kina ganinsa, kowace fuska da kowane farin yadi zai riƙa hawa, ki nemi wata.