Wace kalma za mu ba "antijen": alama, hatimi ko tambari?

'Yan'uwa masu nazarin harshe da ma'aikatan lafiya, ina neman mu tsayar da kalmar Hausa guda ɗaya wadda za ta ɗauki ma'anar abin da likitoci ke kira antijen, domin sai da ita ake iya yi wa mutum bayanin rukunin jininsa har ya gane dalilin da ya sa ba kowane jini ake ƙara masa ba. Antijen ɗin da nake nufi wani sinadari ne da ke manne a bayan jajayen ƙwayoyin jini, kuma da shi garkuwar jiki ke bambance jinin mai ita da baƙon jini. Wani likita mai suna Karl Landsteiner ne ya gano rukunan A da B da O a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1901, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1930, shi kuwa rukunin AB a 1902 aka gano shi.

Kalmar "alama" ce ke fara zuwa baki, amma ban goyi bayanta ba, saboda a asibiti alama ta riga ta zama ta ciwo, kamar zazzaɓi ko jiri, kuma wanda aka ce masa yana da alamar A zai ɗauka wata cuta aka gano. "Hatimi" kuwa abu ne da ake bugawa daga baya don tabbatar da takarda, alhali antijen da shi ake haihuwar mutum.

Ni "tambari" na zaɓa, jam'insa tambura, domin aikin tambari shi ne a kalli abu a san na wane ne. Da shi bayanin ke tafiya ba gargada: mai rukunin A yana da tambarin A, mai rukunin B yana da tambarin B, mai AB ya haɗa duka biyun, mai O kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. A cikin ruwan jinin kowa, ban da mai AB, akwai sinadaran da ke kai wa tambarin A ko B da ba nasa ba hari, waɗanda nake ganin "kishiyar tambari" ta dace da su, tunda muna kiran akasin abu kishiyarsa. Mai rukunin A na ɗauke da kishiyar B, mai O na ɗauke da kishiyoyin A da B, shi ya sa in aka yi kuskuren ƙara wa mai O jinin A, ƙwayoyin da aka zuba masa sai su dunƙule su farfashe, ƙoda ta taɓu, har ta kai ga rasa rai.

Inda kalmar ta fi amfani shi ne wajen fozitib da negetib, kalmomin da ke tsorata mutane don sun saba jin su a sakamakon gwajin cututtuka. A rukunin jini ba sa nufin cuta ko lafiya, magana ce kawai ta wani tambari mai suna D, daga tsarin Rh da Landsteiner da Alexander Wiener suka bayyana a 1940. Maimakon "O fozitib" sai mu ce "O mai tambarin D", maimakon "O negetib" mu ce "O marar tambarin D". Nan take mai sauraro zai fahimci dalilin da ya sa jajayen ƙwayoyin O marar tambarin D ake nema a lokacin gaggawa: ba su ɗauke da A ko B ko D da jikin majinyaci zai yi faɗa da su. Haka kuma mace marar tambarin D da ke ɗauke da cikin ɗa mai shi za ta gane amfanin allurar da ake yi mata cikin awa 72 bayan haihuwa, wadda ke hana jikinta ƙera kishiyar D da za ta cutar da jaririn da zai biyo baya.

Batun gado ma ya zauna daidai, domin uwa da uba kowannensu kashi ɗaya na gadon rukunin jini yake ba ɗa, kuma A da B suna rinjayar O. Uba mai tambarin A da uwa mai tambarin B, in kowannensu na ɗauke da O a ɓoye, za su iya haifar ɗa mai A ko B ko AB ko O, kuma rashin sanin wannan ya isa ya jefa zargi a tsakanin ma'aurata ba gaira ba dalili.

Abin da nake roƙo a kiyaye shi ne kada a taƙaita a ce mai O "marar tambari" ne gaba ɗaya, domin tsarin rukunan jini da aka sani sun haura 40, kuma jajayen ƙwayoyinsa na ɗauke da wasu tambura da dama. Wannan ne dalilin da ya sa, ko rukuni ya zo ɗaya, sai an gauraya jinin mai bayarwa da na mai karɓa a ɗakin gwaji an ga sun jitu kafin a ɗaura wa majinyaci.