Kejin da ya ƙi haɗuwa, wa ya taɓa fama da shi?

Ummu Sudais:
Salam 'yan uwa masu kemistiri. Dan Allah wanda ya taɓa aiki da kejin ƙwayoyin sinadari da ke haɗa kansa da kansa, irin na Fujita, masanin kemistirin nan na Japan, ya faɗa min yadda ya yi. Na haɗa ligan (ƙwayar da ke riƙe ƙarfe) mai hannu biyu na firidin, wato zobe mai naitirojin, na zuba faladiyam naitiret cikin ruwan narkarwa na DMSO, M12L24 (ƙarfe 12 da ligan 24) nake nema amma layukan NMR, gwajin da ke nuna tsarin ƙwaya, duk sun baje ga kuma wani gari-gari da ya kwanta a gindin kwalba. Abin ya dame ni wallahi.

Baban Hanif:
Wa alaikissalam Malama. Ni dai kafin in taɓa awo sai na fara lissafa kusurwar da ke tsakanin hannayen ligan ɗin, don ita ce ke yanke hukunci. Su Fujita da kansu sun nuna haka a 2010, ligan mai zoben furan a tsakiya kusurwarsa digiri 127 ce yana ba da M12L24, da suka sa zoben tayofin a madadinsa ya buɗe zuwa 149 sai ga M24L48, kuma da suka gauraya biyun digiri kaɗan ne ke juya sakamakon gaba ɗaya. Nawa ligan ɗin yana da CH2 a tsakiya yana lanƙwasa yadda ya ga dama, abin da na yi ta samu kenan, tarkacen sarƙoƙi. Sai da muka mai da shi mai tauri tukuna ya rufe.

Dakta Z:
Ƙanwata kar ki yi saurin zubarwa fa. Babban keji dama layukansa kan yi faɗi saboda yana juyawa a hankali cikin ruwan. Duba layin NMR na haidirojin da ke kusa da naitirojin ɗin firidin, in ya matsa hagu to ƙarfen ya kama, sai ki yi DOSY, wato NMR mai rarrabe ƙwayoyi bisa girmansu, ki ga ko layi ɗaya suka jeru. Kin ɗumama kuwa? Ni sai a zafin digiri 70 nawa yake gyaruwa, saboda haɗin faladiyam da naitirojin sai ya riƙa tsinkewa yana komawa kafin guntayen su samu wurin zamansu. Da filatinam kam sai haƙuri, ya fi jinkiri sosai.

Sadiya M:
Ni ɓangaren kejin imin nake (haɗin aldihaid da amin), ba ƙarfe, irin kejin CC3 na su Cooper a Jami'ar Libaful, ƙwayar aldihaid 4 da dayamin 6. Duk sanda na juye su lokaci guda da kauri folima, wato dogayen sarƙoƙi, ce ke faɗowa fara fat, amma in na tsinka ruwan na zuba dayamin ɗin a hankali ta gefen kwalba na ƙyale shi ba motsawa, lu'ulu'u ke fitowa. Garin nan naki ina zargin rashin narkewa ne, kejin ya faɗo tun bai gama rufewa ba.

Ummu Sudais:
Na gode ƙwarai. Dakta a zafin ɗaki na bar shi, gobe zan ɗumama. Ku da wane gishirin faladiyam kuke aiki? Naitiret ɗinmu yana shan danshi, ina tsoron awon ƙarfe 1 ligan 2 bai cika ba.