Ɗan giwa da tarkon waya a ƙafa, ya za a yi a kwantar da shi?

Malamin Dabbobi: Slm 'yan uwa dan Allah ku taimaka. Ni shanu da awaki nake dubawa a wani ƙauye gefen Yankari. Cikin garken giwayen da ke fitowa gonaki akwai wani ɗan giwa, waya ta nutse masa a ƙafar gaba, wajen ya kumbura yana ɗingishi ƙuda sai binsa suke, wlh tausayi yake bani. Ina da xylazine ɗin da nake kwantar da bijimai, in na ƙara yawa zata yi?

Dr. Namun Daji: Malam dan girman Allah kar ka gwada. Giwar daji da etorphine ake kwantar da ita, wanda ake cewa M99, da bindigar allura daga nesa, kuma maganin nan ɗan kaɗan ya shiga jikin mutum zai iya tsayar masa da numfashi, shi yasa ba a buɗe kwalbar sai da makarinsa a gefe, naltrexone. Harbin ma ba shi ne wahalar ba, faɗuwar ce. In ta durƙusa kan ƙirji nauyin cikinta ke danne huhu, dole a ja ta da igiya ta kwanta a gefe, a miƙe hancin a sa ɗan kara a ƙofar hancin kar ya toshe, a ninke kunne a rufe ido, a dinga kwara ruwa saboda zafi. An yanke wayar an wanke ciwon, sai a sa makarin a jijiyar kunne, minti kaɗan ta miƙe.

Baba Mafarauci: Yaro ka manta da uwar? Ba zata matsa ba ko ƙasa da sama zasu haɗe, tattake ka zata yi.

Dr. Namun Daji: Gaskiyar Baba, wani lokacin sai an kwantar da uwar tukuna, sauran a kore su da mota.

Maman Hanif: Allah sarki, Allah ya isa tsakaninsa da mai tarkon nan.

Ɗan Alkaleri: Ranka ya daɗe ka sanar da masu gadin dajin ko mutanen WCS, ƙungiyar kare namun daji, su ke aiki da gwamnatin Bauchi a Yankari. Faɗa musu wace ƙafa ce, wace gona, ƙarfe nawa suke fitowa. Hoto in zai samu daga nesa, kar ka matsa.

Malamin Dabbobi: Na gode, Allah ya saka. Gobe da sassafe zan je gate ɗin shiga dajin da ke Mainamaji in sha Allah.