Matsalar scholarLY bayan sabunta LilyPond

Ɗan Jidda: Assalamu alaikum. Ina rubuta kiɗan gurmi da LilyPond, manhajar rubuta alamomin kiɗa, ina kuma saka bayanan gyara da scholarLY (wani ƙari da ake haɗa wa LilyPond), amma tun da na koma sigar 2.24 fayil ɗin ya ƙi haɗuwa, sai saƙon kuskuren Scheme (harshen kwamfuta da LilyPond ke amfani da shi) yake fitowa. Ina mafita?

Malamin Madina: Wa alaikumus salam. Sigar 2.24 ta bar sigar 1.8 ta Guile, manhajar da ke gudanar da Scheme, ta koma 2.2, saboda haka tsohon kwafin oll-core (tushen da scholarLY ya dogara a kansa) yakan tsaya. Sauko da sabon oll-core tare da scholarLY, domin sabunta ɗaya kaɗai ba ya wadatarwa.

Bamakkiya: Ɗan'uwa, duba Frescobaldi ma, wato manhajar da ake rubuta fayilolin LilyPond a cikinta, ka tabbatar babbar jakar openLilyLib (wadda oll-core da scholarLY ke cikinta) ka nuna masa, ba ƙaramar jakar da ke cikinta ba.

Ɗan Jidda: Jakar tana daidai, Hajiya. Shawarar Malam zan gwada da daddare.