Ihsani ga mai aikin gida

Wasu mata da suka tattauna batun yi wa mai aikin gida kyauta sun yarda cewa albashi daban, ihsani daban: a fara biyan kuɗin wata a kan kari. Lokacin kyauta mafi dacewa shi ne kafin Sallah, atamfa da kuɗin ɗinki tun farkon azumi, kafin teloli su daina karɓar aiki. Ranar suna ko biki, da wanke-wanke ya yi yawa, a ƙara mata wani abu nan take.

An fi jan magana kan yaran da ake kawowa daga ƙauye, waɗanda iyaye ko dillaliya ke karɓe albashinsu. Shawarar da ta rinjaya, kuma ina goyon bayanta, ita ce a damƙa wa yarinyar kyautarta hannu da hannu, a keɓe.